Yadda Ake Kafa Ƙaramin Layin Dogo a Lambu da Jirage Masu Batir da Rimot

Duk wanda ya yi niyyar shimfiɗa ƙaramin layin dogo a lambun gidansa, akwai shawarar da ya kamata ya yanke tun kafin ya sayi ko da tarago ɗaya, wato ta ina wutar da za ta tafiyar da jirgin za ta fito. Hanyar da aka fi sani ita ce a tura lantarki ta cikin ƙarafan dogon, ƙafafun kan jirgin su riƙa ɗebowa suna miƙa wa injin da ke juya su. A cikin ɗaki wannan tsari ba shi da aibu, amma a fili, inda ƙura da raɓa da ganyaye da kashin tsuntsaye ke sauka a kan layi dare da rana, wutar takan riƙa yankewa, har mai layin ya ƙare da ɓata rabin lokacin hutunsa a durƙushe yana gogar ƙarfe. Ga kuma mahaɗar da ke tsakanin dogo da dogo, wadda datti ke shiga har ta daina wucewa da wuta bayan damina ɗaya ko biyu.

Idan kuwa batir yana cikin jirgin, umarni kuma yana iso masa ta iska daga rimot, aikin dogon bai wuce ɗaukar nauyi da nuna hanya ba. Babu binne waya, babu jawo wutar gida zuwa inda ruwa ke kwanciya, jirage biyu ko uku suna iya bin layi ɗaya kowane da direbansa, kuma ana iya lanƙwaso layin ya dawo ya shiga kansa ba tare da wuta ta haɗu ta ƙona wani abu ba. Sai dai batir ba ya gyara layin da aka shimfiɗa da gaggawa. Jirgin da ke ɗauke da wutarsa ba zai tsaya saboda datti ba, amma zai kauce daga dogo a duk inda ƙasa ta lotsa ko kwana ta yi tsauri, saboda haka ƙarfin da aka huta da kashewa wajen waya, a ƙasa ya kamata a zuba shi.

Faɗin layi da ma'aunin jirgi

Wannan nishaɗi ya fi kafuwa a Ingila da Jamus da Amurka, kuma a can mafi yawan kamfanonin kayansa suke. A ƙauyen kwaikwayo na Bekonscot da ke garin Beaconsfield a Ingila, wanda yake nan tun 1929, har yanzu ƙananan jirage suna zagayawa a fili tsakanin ƙananan gidaje. Abin da ya kai harkar gidajen talakawa kuwa shi ne fitowar jiragen LGB a 1968 daga kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg, waɗanda aka ƙera da roba mai jure rana da ruwa, a kan layin da tazarar da ke tsakanin dogayensa biyu milimita 45 ce. Tun 2007 sunan LGB ya koma hannun kamfanin Märklin, amma wannan faɗi na milimita 45 shi ne har gobe ya fi yawa a lambunan duniya.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne cewa faɗin layi dabam, ma'aunin jirgi dabam. A kan wannan layi ɗaya na milimita 45 ana tafiyar da jiragen da aka ƙanƙanta da ma'aunai iri-iri, gwargwadon faɗin layin gasken da ake kwaikwayo. Jiragen LGB galibi 1:22.5 ne, wato an ƙanƙanta jirgin gaske sau 22.5, domin suna kwaikwayon layin Turai mai faɗin mita ɗaya. Masu kwaikwayon babban layi mai milimita 1435 suna amfani da 1:32, Amurkawa masu son tsofaffin layukansu masu faɗin ƙafa uku suna bin 1:20.3, wasu kamfanoninsu kuma sun tsaya a 1:29. A Ingila akwai wata al'ada dabam, inda milimita 16 ke wakiltar ƙafa ɗaya, wato kusan 1:19, ana kuma tafiyar da jiragen a kan layi mai milimita 32 don kwaikwayon siraran layukan jigilar dutse irin na Ffestiniog a yankin Wels. Idan aka haɗa tarago na 1:32 da kan jirgi na 1:20.3 za su tafi lafiya, amma ido ba zai amince da su ba.

Mai sha'awar kwaikwayon jiragen Nijeriya yana da lissafi mai daɗi a nan. Tsohon layin da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1067 ne, idan aka raba shi da 45 kuwa ana samun kusan 24, ke nan ma'aunin 1:24 ya dace da shi a kan layin milimita 45. Siririn layin da ya tashi daga Zariya ya hau tsaunin Jos don jigilar kuza, wanda aka rufe a 1957, faɗinsa milimita 762 ne, shi kuma a wannan ma'auni na 1:24 yana zama daidai a kan layin milimita 32. Irin waɗannan jirage sai mutum ya ƙera jikinsu da hannunsa a kan ƙafafun da ya saya, aiki ne na gaba ba na farko ba.

Ga mai farawa, layin milimita 45 da jiragen siririn layi na 1:22.5 ko kusa da haka sun fi dacewa. Kayansu sun fi samuwa, sababbi da na hannu, jikinsu yana da faɗin da batir da sauran na'urori za su shiga ba tare da matsi ba, kuma gajerun taragunsu suna jure kwanar da dogayen taragun babban layi ba za su iya sha ba.

Awon fili

Kafin a sayi dogo, a ɗauki tiyon ban ruwa ko doguwar igiya a shimfiɗa a ƙasa bisa hanyar da ake tunani, a bar shi kwana biyu ko uku ana kallonsa daga inda aka saba zama. A lura da inda ruwa ke bi idan an yi sama, da inda mutanen gida ke takawa, da inda bishiya ke zubar da ganye ko 'ya'ya, domin layin da ya bi ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro shara ce ta kullum, kuma saiwoyinsu za su ɗaga shi nan da shekara kaɗan. A tabbata cewa hannu yana kaiwa ga kowane sashe na layin ba tare da an taka shuka ba. Ramin da jirgi zai shige a ƙarƙashin tudu kada tsawonsa ya wuce yadda hannu zai iya kamo tarago daga bakin nan ko bakin can, tun da a irin wurin nan jirgi ya fi son kaucewa.

Kwana ita ce ta fi cin fili. Mafi tsaurin kwana a kayan LGB, wadda suke kira R1, nisanta daga tsakiyar da'ira zuwa layi santimita 60 ne, kuma ita ake samu a cikin akwatin farawa. Ta dace da falo, amma a lambu tana sa jirgi ya yi kama da abin wasan yara, tana cin gefen ƙafafu, tana kuma hana manyan kawunan jirgi wucewa. Wadda suke kira R3 nisanta ya kusa santimita 120, ita ce mafi ƙanƙantar da ya kamata a yarda da ita a babban layi idan fili ya bari. Cikakkiyar da'irarta tana buƙatar wuri mai faɗin kusan mita 2.7 idan aka bar sarari a gefe, tsawon zagayenta kuma mita 7.5 ne, idan kuma aka sa miƙaƙƙen layi na mita 3 a kowane ɓangare an samu zagayen mita 13.5. Wannan ya isa shekarar farko, tare da marabar layi guda ko biyu inda jirgi zai raɓe wani ya wuce. Kada a sa kwanar dama ta bi kwanar hagu kai tsaye, a raba su da miƙaƙƙen layi wanda ya kai aƙalla tsawon tarago mafi tsawo.

Game da hawa da gangara, mafi kyau shi ne babu su sam. Idan dole ne, kada hawan ya wuce santimita 2 a kowace mita, kuma kada ya faɗo a cikin kwana, domin jan da kwana ke yi yana ƙaruwa a kan jan tudu. Ga jirgi mai batir wannan ba batun kyan gani kawai ba ne, kowane hawa yana ƙara wutar da injin ke sha, ya rage lokacin tafiya. Ana samun lebur a fili mai faɗi da siririn tiyo mai gani har ciki wanda aka cika da ruwa, kamar yadda magina ke yi, a kafa turaku a kowace mita, a yi wa kowane alama a tsayi ɗaya. Inda ƙasa ta yi ƙasa a cike ko a gina gada, inda ta yi tudu a yanke, maimakon a bar layin yana bin yadda ƙasa take.

Shimfiɗar da layi zai kwanta a kai

Hanya mafi sauƙi, wadda kuma ta fi kama da ta jirgin gaske, ita ce a haƙa siririn rami mai zurfin santimita 10 zuwa 15, faɗinsa ya kai kusan 20, a daɓe ƙasansa, a shimfiɗa irin yadin nan da ke hana ciyawa tsirowa amma yake barin ruwa ya wuce, sannan a cika shi da tsakuwa ana daɓewa hawa-hawa. Irin tsakuwar shi ne abin lura. Ana son fasasshen dutse mai kaifin gefe, ƙanana masu girman milimita 3 zuwa 6, haɗe da garin dutsen, saboda irin wannan yana cije juna ya riƙe layi. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta taɓa zama wuri ɗaya, ruwan farko zai watsa ta, yashi kuma ya fi ta muni. Bayan an ɗora layin sai a zuba wata tsakuwar a tsakanin matasansa, wato guntayen da ke gicciye a ƙarƙashin dogo, a share da buroshi har samansu ya bayyana, a yayyafa ruwa ta zauna. Layin da aka kwantar haka ba a kafe shi da ƙusa ba, yana motsi kaɗan da zafi da sanyi, kuma duk shekara sai an ƙara masa tsakuwa an daidaita shi.

A inda ruwan sama ke sauka da ƙarfi a lokaci ɗaya, ko ƙasar laka ce mai kumbura da damina ta tsage da rani, ya fi kyau a ɗaga layin a kan jerin bulo ko kan siririyar shimfiɗar siminti, a bar ƙofofin da ruwa zai wuce ta ƙasa. Ɗaga layi zuwa tsayin gwiwa ko ƙugu yana da wani amfanin da matashi ba ya gani sai shekaru sun ja, domin ɗora ƙafafun tarago a kan dogo a durƙushe yana gajiyar da baya. Turawa da yawa suna yin wannan da katako a kan ginshiƙai, amma a ƙasashen da gara ke da ƙarfi katakon da ya taɓa ƙasa abincinta ne, gara a yi da bulo ko ƙarfe. A kan siminti kada a ɗaure layin a kowane matashi, a kama shi sama-sama a wurare kaɗan yadda zai samu damar miƙewa.

Ko wace hanya aka bi, lebur na gicciye ya fi na tsawo muhimmanci. Ƙaramin kan jirgi mai ƙafa huɗu ba shi da abin da zai lanƙwasa, idan dogo ɗaya ya fi ɗan'uwansa tsayi a nan, can gaba kuma ya koma ƙasa da shi, ƙafa ɗaya za ta tashi sama ta haye dogo. A riƙa aza gajeren ma'aunin lebur a gicciye bayan kowane taku.

Dogon da za a saya

Tun da dogon ba zai ɗauki wuta ba, an sami 'yancin zaɓe. Na tagulla shi ne ya fi yawa, yana da ƙarfi, yana kuma yin duhu da kansa ya yi kama da na gaske. Na alminiyom ya fi araha da sauƙin lanƙwasawa, masu wutar dogo suna gudunsa amma mai batir ba ruwansa, sai dai yana lotsewa idan aka taka shi. Na ƙarfen da ba ya tsatsa ya fi tsada da wuyar yanka. Abin da za a guje wa shi ne dogon kwano mai rami a ciki da ke zuwa da wasu akwatunan farawa masu araha, na cikin ɗaki ne, damina ɗaya ta ishe shi. A kuma tabbata cewa robar matasan an yi ta don jure hasken rana.

Lambar da ake gani a jikin kwalin tana nuna tsayin dogon a ma'aunin kashi dubu na inci. Na LGB lambarsa 332 ce, wato kusan milimita 8.4, yana da kauri fiye da kima amma yana jure takun mutum da na dabba. Kamfanin Peco na Ingila yana yin mai lamba 250 na layin milimita 45 da mai lamba 200 na milimita 32, sun fi kyan gani, sun kuma fi son shimfiɗa mai kyau. Kada a gauraya lambobi biyu a layi ɗaya sai da mahaɗa ta musamman.

Zafi yana miƙar da ƙarfe fiye da yadda ake zato. Mita ɗaya ta tagulla tana ƙaruwa da kusan milimita 0.019 duk lokacin da zafi ya hau da digiri ɗaya, ke nan miƙaƙƙen layi na mita 10 zai ƙaru da kusan milimita 8 idan bambancin sanyin asuba da zafin dogon da rana ta gasa ya kai digiri 40, alminiyom kuma ya fi haka. Idan an shimfiɗa layi da sanyin safiya a bar tazarar milimita ɗaya zuwa biyu a kowace mahaɗa, idan kuwa da tsakar rana ne a matse su, domin da dare za su ja da kansu.

Kan jirgin farko da batirinsa

Na fi ganin hikima a fara da ƙaramin kan jirgi wanda aka ƙera shi da batir da rimot tun daga masana'anta, irin ƙananan kawuna masu kwaikwayon na dizal da kamfanoni kamar PIKO na Jamus da Roundhouse na Doncaster ke yi. Da shi za a gwada layi tun ranar da aka haɗa mita biyar ta farko, kuma ko bayan an tara manya shi ne zai riƙa fita duba hanya. Juyar da kan jirgi mai shan wutar dogo ya koma na batir aiki ne mai yiwuwa ga duk wanda ya iya riƙe ƙarfen dalma, amma ya fi kyau ya zama aiki na biyu.

Abu biyu ake dubawa a batir. Na farko shi ne bolt, wanda ake rubutawa da harafin V, shi ke yanke iyakar gudu. Injinan jiragen milimita 45 suna iya ɗaukar har wajen bolt 24, amma ba a buƙatar hakan, domin jirgin siririn layi da ke tafiyar kilomita 30 a awa, idan aka ƙanƙanta shi da 1:22.5, santimita 37 kawai zai ci a daƙiƙa, wato zagayen mita 13.5 zai ɗauke shi fiye da rabin minti. Bolt 14 zuwa 15 sun isa wannan har da saura. Na biyu shi ne yawan cajin da batirin ke riƙewa, wanda ake rubutawa da mAh, shi ke yanke tsawon lokaci. Ƙaramin kan jirgi mai inji ɗaya da gajeren jerin taragu a kan lebur yakan sha tsakanin rabin amfiya da amfiya ɗaya (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ake ja), don haka batir mai 2600 mAh, idan ana shan 700 a awa, wato amfiya 0.7, zai yi sama da awa uku. Na'urar fitar da hayaƙi da tsofaffin ƙwayayen fitila suna cin wuta sosai, a kashe ta farkon, a musanya na biyun da LED.

Batirin NiMH, ɗaya daga irin baturan da ake sake yi wa caji, kowace ƙwayarsa bolt 1.2 ce, ƙwaya 12 a jere suna ba da 14.4. Yana da nauyi da cin wuri, amma nauyi a kan jirgi alheri ne tun da yana ƙara wa ƙafafu kamun dogo, kuma yana yafe kuskuren mai koyo. Batirin litiyom, musamman ƙwayar da ake kira 18650 saboda kaurinta milimita 18 ne tsawonta 65, kowace ƙwaya bolt 3.7 ce, tana kaiwa 4.2 idan ta cika, ƙwaya huɗu ke nan suna ba da 14.8 a wurin da bai kai na NiMH ba. Sai dai litiyom ba ya yafiya. Dole ne ya kasance da ɗan allon kariya da ake kira BMS, wanda ke hana shi wuce iyaka wajen caji ko wajen zuƙewa, dole ne a yi masa caji da cajar da aka yi don adadin ƙwayoyinsa, kuma ba a barinsa a kan caji babu mai kallo, ko a cikin jirgin da aka ajiye a rana. A sayi wanda aka riga aka harhaɗa, kada a ɗora ƙarfen dalma a jikin ƙwayar, kada kuma a haɗa ƙwayoyin da aka ciro daga tsofaffin kwamfutoci, domin ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ƙwayar 18650 ta gaskiya ba ta wuce kusan 3500 mAh, duk wadda aka rubuta wa 9000 ko fiye a jiki ƙarya ce. Kamfanonin jigilar sama suna da tsauraran dokoki a kan litiyom, saboda haka mai odar kaya daga wata ƙasa yakan fi samun sauƙi idan ya sayi batirin a inda yake zaune.

Idan kan jirgin ya yi ƙanƙanta, ana zuba batir da na'urorin a rufaffen tarago na bayansa, a haɗa su da ƙaramin fulogi mai waya biyu. Amfanin wannan shi ne tarago ɗaya zai iya hidimar kawuna da yawa, aibinsa kuma kan jirgin ba ya zuwa ko'ina sai da shi.

Rimot da risiba

Na'urori uku ne ke aikin sarrafawa. Rimot yana hannun direba, risiba tana cikin jirgi tana karɓar saƙo, sai na'urar daidaita gudu, wadda ake sayarwa da sunan ESC, ita ke yanyanka wutar batir tana ba inji gwargwadon umarni, tana kuma juya shi gaba ko baya. A kayan da aka yi musamman don jiragen ƙasa, risiba da na'urar gudu sukan zo a allo ɗaya wanda bai fi akwatin ashana ba. Tsofaffin rimot masu aiki a zangon 27 MHz ko 40 MHz suna shiga wa juna, suna kuma jin hayaniyar inji. Na yanzu galibi 2.4 GHz ne, ana ɗaura kowace risiba da rimot ɗinta sau ɗaya, daga nan ba ta sauraron kowa sai shi.

Rimot ɗin motocin wasa zai yi aiki, amma bai dace ba, saboda kunamarsa tana komawa tsakiya da zarar an saki, ga shi kuma an tsara shi ya tsayar da komai idan saƙo ya yanke. Jirgin ƙasa yana son marfin murɗawa da ke zama inda aka bar shi, da risibar da za a iya saita ta ta ci gaba da tafiya idan jirgi ya shige bayan dutse ko an kashe rimot don a zauna kallo. A Ingila Micron da Fosworks suna yin irin wannan, a Amurka akwai AirWire da RailPro, waɗanda ke sarrafa har da ƙarar inji da usur da fitilu, akwai kuma Blunami da ake tuƙawa da wayar hannu ta Bluetooth. Kayan wani kamfani ba kasafai suke magana da na wani ba, don haka zaɓen farko shi zai bi mutum a duk kawunan da zai saya nan gaba. Allon wayar hannu yana da wuyar gani a cikin rana, kuma yatsa ba ya sanin inda yake a kan gilashi sai an duba, alhali marfin murɗawa ana juya shi ido yana kan jirgi. A duba cewa na'urar gudun tana ɗaukar bolt ɗin batirin a cike, wato 16.8 ga ƙwayar litiyom huɗu, da kuma aƙalla amfiya 3.

Haɗa wayoyi

Matakin da ba a tsallakewa wajen juyar da kan jirgi shi ne raba inji da dogo gaba ɗaya. A buɗe akwatin giya, a cire takalman ƙarfen da ke gogar dogo da ƙananan gawayin da ke taɓa bayan ƙafafu, ko a yanke wayoyinsu a naɗe. A wasu tsofaffin kawunan LGB masu fil uku a saman akwatin giya, ɓangare ɗaya na injin a haɗe yake da dogo daga ciki, sai an raba shi an fitar masa da wayarsa. Bayan an gama a gwada da mitar masu gyaran rediyo tsakanin kowace ƙafa da kowane bakin inji, kada a sami hanya ko ɗaya. Wanda ya yi sakaci da wannan, batirinsa zai riƙa zuba wuta a dogo, kuma ranar da ya kai jirginsa layin wani mai wutar dogo, na'urarsa za ta ƙone nan take.

Daga jar wayar batir, abu na farko shi ne fis na amfiya 3 zuwa 5, a manne da batirin gwargwadon iko, domin wayar da ke tsakanin batir da fis ba ta da mai kare ta. Daga fis sai makunni mai matsayi uku, gefe ɗaya yana kai wuta ga na'urar gudu, tsakiya a kashe, ɗaya gefen yana haɗa batir da soket ɗin caji, ta yadda ba zai yiwu a yi caji jirgi yana kunne ba. Daga na'urar gudu wayoyi biyu su tafi inji, idan jirgi ya yi baya alhali an ce gaba sai a musanya su. Juya jar waya da baƙa a bakin na'urar gudu kuwa yakan kashe ta a daƙiƙa ɗaya, a duba sau biyu kafin a kunna. Kowace mahaɗa a liƙe ta da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, kada a dogara da salatif, zafin rana yana narkar da gam ɗinsa. Eriyar risiba gajeriyar waya ce, a nisanta ta da inji da batir, idan kuma jikin jirgin ƙarfe ne a fito da bakinta ta taga ko ƙarƙashin rufin roba, domin ƙarfe yana tare saƙo.

Gwajin farko a yi shi a kan tebur, an ɗaga ƙafafun sama da guntayen katako, a kunna rimot kafin jirgi, a kashe jirgi kafin rimot. Daga nan a sa kan jirgin shi kaɗai ya zagaya layi a hankali gaba da baya, ana binsa da ido a kowace mahaɗa da kowace maraba, duk inda ya girgiza a kafa tsinke a dawo a gyara. Sai an ga ya zagaya ba tangarɗa sannan a ƙara taragu ɗaya bayan ɗaya, masu nauyi a gaba, marasa nauyi a baya, domin tarago mara nauyi a tsakiyar jeri kwana tana fizge shi. Maƙalan taragu su zama iri ɗaya kuma tsayi ɗaya, ƙafafun ƙarfe kuma sun fi na roba, suna saukar da nauyi ƙasa, ba sa kuma barin baƙin datti a dogo.

Kafin kowace tafiya a bi layin da ƙafa a kwashe tsinke da tsakuwar da ta maƙale a bakin maraba. A lokacin ƙura a rage mai, ɗigo ɗaya a kan gatari ya isa, giris ɗin giya kuma ya zama irin wanda ba ya cin roba, domin mai da ƙura idan suka haɗu suna cinye haƙoran giya. Layi da gadoji suna kwana a waje, amma kan jirgi da rimot a shigar da su ɗaki mai sanyi. Idan za a daɗe ba a yi tafiya ba, batirin litiyom a bar shi da kusan rabin caji, wato wajen bolt 3.8 a kowace ƙwaya, makunni a tsakiya, a kuma cire ƙananan baturan rimot don kada su zubar da ruwa a ciki.